Su wa ke neman ƙwace sarautar Super Falcons, kuma da wane shiri suka zo?

Minti 24 kacal da take wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka ta mata a Rabat, daren Asabar 26 ga Yulin 2025, Maroko ta riga ta zura wa Najeriya ƙwallo biyu. Kyaftin Ghizlane Chebbak ce ta fara da wani bugu daga nesa, Sanaa Mssoudy ta ƙara. Haka aka tafi hutun rabin lokaci, fili ya ɗauki sowa, masu masauki sun soma jin ƙamshin kofi. Da aka dawo sai labari ya sha bamban. Esther Okoronkwo ta ci fenareti a minti na 64, ta sake gyara wa Folashade Ijamilusi ta farke ta biyu, sannan saura minti biyu a tashi ta ɗaga bugun tazara, Jennifer Echegini ta sa ƙafa ta tura shi raga. Uku da biyu. Kofi na goma ya tafi Abuja.

Da yawa daga cikinmu sun ce ai dama an saba, Najeriya ce uwa ma ba da mama a ƙwallon mata na Afirka. A takarda gaskiya ne. Daga 1998, lokacin da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta mayar da gasar ta zama ana taruwa a ƙasa ɗaya, zuwa 2025, an buga ta sau 13, Najeriya ta ɗauki 10, Ikwatoriyal Gini biyu, Afirka ta Kudu ɗaya. Kuma duk ranar da Super Falcons, wato tawagar matan Najeriya, suka kai wasan ƙarshe ba su taɓa barin kofin a can ba. Sai dai wanda ya tsaya a kan wannan lissafi bai ga abin da ke faruwa ba. A gasar 1998, wadda aka yi a Kaduna da Abeokuta, Najeriya ta lallasa wannan Marokon da ci 8 da nema. Ta ci ƙwallo 28 a wasa biyar, ba a taɓa ragarta ko sau ɗaya ba. Yadda aka taso daga takwas da nema aka dawo sai an yi gumi har minti na 88, shi ne abin da ya kamata a warware.

Kafin a shiga hamayya, sai an san abin da ake hamayya a kansa. Tawagar mata ta kowace ƙasa tana da manyan fagage uku. Akwai kofin nahiya, akwai kofin duniya na FIFA da aka fara a Chaina a 1991 da ƙasashe 12, ya kai 32 a 2023, akwai kuma gasar Olamfik. Ta uku ɗin ce mutane suka fi kuskuren fahimta. A ɓangaren maza, ƙwallon Olamfik na 'yan ƙasa da shekara 23 ne, shi ya sa ba a ɗauke shi da zafi ba. A ɓangaren mata babu ƙayyade shekaru, manyan tawagogi ne ke zuwa da dukan taurarinsu, kuma a Paris 2024 ƙasashe 12 ne kawai suka samu shiga, biyu daga Afirka. Kofin Afirka kuwa shi ne ƙofar kofin duniya: a 2022 ƙasashe huɗun da suka kai wasan kusa da na ƙarshe su ne suka samu tikiti kai tsaye. Saboda haka faɗuwa a wasa ɗaya kan iya rufe wa ƙasa ƙofa biyu, ta zauna shekaru ba ta buga wani wasan kirki ba. A ƙwallon maza ɗan wasa ya koma kulob ɗinsa ya ci gaba da kwasar albashi. A na mata, musamman a nahiyarmu, tawagar ƙasa ita ce kasuwar da ake ganin 'yar wasa har wani kulob na Turai ko Amurka ya saye ta. Zafin hamayyar daga nan yake tasowa.

Abu na biyu, hamayyar mata ba gadon ta maza ba ce. A ƙwallon maza Brazil da Ajantina wuta ce, a na mata Brazil ta daɗe da yi wa maƙwabciyarta nisa. Babbar gabar farko a duniyar ƙwallon mata tsakanin Amurka da Norway ta kasance: Amurka ta doke Norway a wasan ƙarshe na 1991, Norway ta fitar da ita ta ɗauki kofin 1995, ta kuma sake kayar da ita a wasan zinare na Olamfik a Sidni a 2000. Babu wani tsohon rikici tsakanin ƙasashen biyu. Suna dai cikin waɗanda suka yi sammakon barin 'ya'yansu mata su yi wasa, a lokacin da wasu ke fitowa daga takunkumi. Hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata wasa a filayenta daga 1921 har 1971, kuma ta yi hakan ne shekara guda bayan wani wasan mata ya tara mutum kusan 53,000 a Goodison Park. Brazil ta haramta shi da doka daga 1941 zuwa 1979. Yau gabar da ta fi kowace zafi ita ce ta Ingila da Sifaniya: Ingila ta fitar da Sifaniya a kofin Turai na 2022, Sifaniya ta rama da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2023, Ingila ta sake ramawa da fenareti a Basel kwana ɗaya bayan wasan Rabat. Shekara goma sha biyar baya, Sifaniya ko kofin duniya ba ta taɓa zuwa ba, sai a 2015 ta fara. Kuɗin da kulob irin su Barcelona suka zuba ne ya haifi wannan hamayya. A taƙaice, duk inda aka ga sabuwar abokiyar gaba ta taso a ƙwallon mata, a duba baya, za a tarar wani ya zauna ya yi shiri.

To da wannan ma'auni za a auna Afirka.

Najeriya ta yi sammako. Tun ƙarshen shekarun 1980 akwai kulob-kulob na mata da ɗaiɗaikun mutane suka kafa da aljihunsu, irin su Jegede Babes a Legas da Ufuoma Babes a Warri, daga baya Pelican Stars ta Kalaba da Rivers Angels ta Fatakwal suka yi tashe. Da aka kira gasar duniya ta farko, Najeriya na da 'yan wasan da suka saba buga gasa, sauran ƙasashen nahiyar kuwa tattaro su ake yi idan wasa ya matso. Shi ya sa take cikin ƙasashe bakwai kacal da ba su taɓa fashin kofin duniya ba a duk tara da aka yi, tare da Amurka, Jamus, Norway, Suwidin, Brazil da Japan. Ƙololuwarta ita ce 1999 a Amurka, ƙarƙashin marigayi Ismaila Mabo, mutumin Jos, tsohon ɗan bayan Mighty Jets. Su Mercy Akide da Florence Omagbemi suka doke Koriya ta Arewa da Denmark, suka kai zagayen 'yan takwas, Brazil ta ba su uku kafin hutu, suka farke duka ukun, sai a ƙarin lokaci Sissi ta Brazil ta raba gardama. Har yau babu ƙasar Afirka da ta kai wannan mataki a kofin duniya na mata. Mabo ya rasu a 2023, kuma ban ga an yi masa karramawar da ta dace da aikinsa ba.

Ghana ce ta fara leƙo kai. Black Queens sun kai wasan ƙarshe a 1998, 2002 da 2006, duka ukun Najeriya ta hana su. Amma su ne suka fara karya lagon Falcons: a gasar 2002 a Warri, Alberta Sackey ta ci ƙwallon da ta ba Ghana nasara 1 da nema a wasan rukuni, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta doke Najeriya. Ghana ta je kofin duniya sau uku a jere, 1999, 2003, 2007, daga nan shiru. Ba basira ce ta ƙare ba, kulawa ce ta yi ƙaranci. Tsarin share fage ma bai taimaka mata ba. A Oktoban 2021 aka haɗa ta da Najeriya tun zagayen farko saboda yanki ɗaya suke, ta sha kashi 2 da nema a Legas, ta ci 1 da nema a Accra, shi ke nan ta rasa kofin Afirka na 2022 da kofin duniya na 2023 a mako guda. Ta dawo ta zo ta uku a 2025, abin a yi mata murna ne. Kamaru ma kusan haka labarinta yake, sai dai nata ya fi ciwo. Sau uku tana zuwa wasan ƙarshe a wannan tsari, 2004, 2014, 2016, kullum Najeriya ce ke tare hanya. A 2004 Perpetua Nkwocha ita kaɗai ta zura mata huɗu. A 2016 a gida suke, filin Ahmadou Ahidjo na Yawunde ya cika maƙil tun kafin lokaci, suka riƙe wasan, Desire Oparanozie ta ci su ana dab da tashi. Gasar da aka yi a 2025 kuwa, Kamaru ko zuwa ba ta yi ba, Kenya ce ta fitar da ita a share fage.

Ikwatoriyal Gini wata hanya ta bi, gajeriya. Ƙasa ce mai arzikin mai da ƙarancin jama'a, ta karɓi baƙuncin gasar a 2008 da 2012, ta lashe duka biyun. Tana da tauraruwa ta gaske, Genoveva Añonma, wadda aka yi ta jifa da zarge-zarge marasa hujja a kan halittarta, abin da bai dace a yi wa kowace mace ba. Amma gefe guda hukumar ƙasar ta riƙa ba wa 'yan wasa daga waje, musamman Brazil, takardun zama 'yan ƙasa. A 2017 FIFA ta kore ta daga neman zuwa kofin duniya na 2019 saboda amfani da 'yan wasan da ba su cancanta ba da takardun jabu. Daga nan ta dusashe. Kofi biyu na nan a ajiye, babu abin da ya tsiro a bayansu.

Afirka ta Kudu ce ta isa a tsaya a kanta, domin gabarta da Najeriya ita ce ta gaske, mai tsawo, mai tarihi, mai ɗaci. Banyana Banyana ba ta buga wasanta na farko ba sai 1993, bayan an ɗage wa ƙasar takunkumin wariyar launin fata. A 1995 suka haɗu da Najeriya gida da waje don tikitin kofin duniya, aka tashi 11 da 2 jimilla. A 2000 aka yi gasar a ƙasarsu, suka kai wasan ƙarshe a filin Vosloorus kusa da Johannesburg. Najeriya na kan gaba da ɗaya, Stella Mbachu ta ƙara ta biyu, 'yan kallo suka ce satar gida ce, suka fara ruwan kwalabe da duwatsu cikin fili. A minti na 73 aka tsayar da wasa, ba a ci gaba ba, aka ba Najeriya kofi. Wannan rana ta zauna a zukatan ɓangarorin biyu.

Abin da Afirka ta Kudu ta yi bayan nan shi ne haƙuri da riƙe abu ɗaya. Kamfanin Sasol ya shiga ɗaukar nauyin tawagar da gasar larduna tun 2009. Jami'o'i suka zama wurin renon 'yan wasa. A 2019 aka kafa babbar gasar ƙasa. Mafi muhimmanci, suka bar koci ɗaya ta yi aiki: Desiree Ellis, wadda ke cikin tawagar farko ta 1993 kuma ta yi kyaftin, ta karɓi ragama a 2016 ta shekara da shekaru a kai. Salon wasansu ma ya fita daban, gajerun ba-ni-in-ba-ka a ƙasa, riƙe ƙwallo, sai a saki Thembi Kgatlana da gudunta. Sun gane ba za su iya da Najeriya a ƙarfin jiki da ƙwallon sama ba, sai suka daina gwadawa ta nan.

Sakamakon ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. A 2012 Janine van Wyk ta ci ƙwallon da ta fitar da Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe. A 2018 a Ghana, Kgatlana ta ci Falcons a wasan farko na rukuni, suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a Accra, minti 120 babu ci, Najeriya ta sha da ƙyar a fenareti 4 da 3. A Satumban 2021 suka zo har Legas, a gasar kofin Aisha Buhari, suka ci 4 da 2 a gaban masu gida. A 2022 a Maroko suka sake yin nasara 2 da 1 a rukuni, suka wuce har suka ɗauki kofin, bayan sun sha faɗuwa a wasan ƙarshe a baya. Hildah Magaia ce ta ci duka biyun da suka doke Maroko da su. A tsakanin 2018 da 2022, duk mai faɗin gaskiya ya san Banyana ta fi Falcons tsari a fili.

Najeriya ta farfaɗo a kansu daga baya. A Afrilun 2024, wajen neman tikitin Olamfik, fenaretin Rasheedat Ajibade a Abuja ya wadatar, aka yi canjaras babu ci a Pretoria, Falcons suka koma Olamfik karo na farko tun 2008. A 2025 a Kasablanka, wasan kusa da na ƙarshe, kowa ya ci fenareti ɗaya, sai cikin mintunan ƙari Michelle Alozie ta ɗaga wata ƙwallo daga nesa wadda ta wuce kowa ta faɗa raga. A wannan wasa Gabriela Salgado ta Afirka ta Kudu ta karye a ƙafa, 'yan wasan ɓangarorin biyu suka yi ta kuka a fili, daga baya 'yan Najeriya suka je asibiti duba ta da rigar da suka sa wa hannu. Na kawo wannan ne don a ga irin gabar: mai zafi ce ƙwarai, amma waɗannan mata sun san wahalar juna, domin duk hanya ɗaya suka biyo.

Wahalar kuwa ba ɓoyayya ba ce. A 2004, bayan sun ɗauki kofi a Afirka ta Kudu, Falcons suka ƙi barin otal sai an biya su haƙƙinsu. A 2016 suka dawo da kofi daga Kamaru, suka yi zaman dirshan a otal a Abuja, har suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya ɗauke da kwalaye. Shekarar 2017 gaba ɗayanta ta wuce zakarun Afirka ba su buga wasa ko ɗaya ba. A 2019 a Faransa, bayan Jamus ta fitar da su, suka sake ƙin barin masauki. A 2022 suka ƙaurace wa atisaye kafin wasan neman na uku, wanda Zambiya ta ci. Shekara goma sha takwas, ƙorafi ɗaya: alawus da ladan wasa. 'Yan Banyana ma sun ƙi buga wasan sada zumunci da Botsuwana dab da kofin duniya na 2023 a kan kuɗi, sai da gidauniyar attajiri Patrice Motsepe ta sa baki. Ni a ganina babbar abokiyar hamayyar Super Falcons ba a Pretoria take ba, ba kuma a Rabat ba. Tana cikin ofisoshin da ya kamata su riƙa shirya musu wasanni da biyan su a kan lokaci. Gaskiya ne bayan nasarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya yi wa kowace 'yar wasa alƙawarin dala 100,000 da gida da lambar girma ta ƙasa. Sun cancanta. Amma kyautar bayan nasara daban, shirin da ke kawo nasara daban, kuma na biyun ne muke da ƙarancinsa.

A nan Maroko ta shigo, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro a matsayina na mai son Falcons. Bayan 2000 ta yi shekara ashirin ba ta ko zuwa gasar. A 2020 hukumar ƙwallon ƙasar ƙarƙashin Fouzi Lekjaa ta fitar da shirin shekara huɗu: gasar ƙwararru mai rukuni biyu, hukuma na tallafa wa kulob wajen biyan albashin 'yan wasa, tawagar mata na atisaye a cibiyar Sarki Mohammed na Shida da ke kusa da Rabat, wurin da maza ke yi. Aka ɗauko Reynald Pedros, wanda ya ci kofin zakarun Turai da matan Lyon. Aka bi 'ya'yan 'yan Maroko da aka haifa a Faransa, Sifaniya, Beljiyam da Ingila aka jawo su. Cikin shekara biyu suka kai wasan ƙarshe.

Wasan da suka bi ta kan Najeriya a 2022 ya isa a tuna. Mutum 45,562 ne suka shiga filin Yarima Moulay Abdellah, adadin da ba a taɓa gani ba a wasan mata a Afirka kafin ranar. An ba Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna, jan kati jim kaɗan da dawowa daga hutu, aka ƙara wa Ajibade wani. Mutum tara suka riƙe goma sha ɗaya har ƙarshen ƙarin lokaci, ana haska musu fitila mai kore a ido daga cikin 'yan kallo, aka tashi ɗaya da ɗaya, Maroko ta ci fenareti 5 da 4. 'Yan Najeriya sun ce alƙalanci ne ya kashe su. Shekara uku bayan haka, a wasan ƙarshe na 2025, ana biyu da biyu alƙaliya ta ba Maroko fenareti, ta je ta duba na'urar VAR ta soke, sai 'yan Maroko suka ce su ma alƙalanci ne ya kashe su. Yanzu kowane ɓangare na da ƙullin da yake riƙe da shi, kuma da irin wannan ake gina gaba mai ɗorewa. A lura kuma wanda ke zaune a bencin Maroko a daren: Jorge Vilda, kocin da ya ci kofin duniya da Sifaniya a 2023. A bencin Najeriya kuwa Justine Madugu ne, ɗan Adamawa, wanda ya daɗe yana mataimaki. Ya nuna kocin gida ma ya san aiki, sauye-sauyen da ya yi bayan hutu su suka juya wasan.

Zambiya ma ta taso, da Barbra Banda da Racheal Kundananji, ta je Olamfik sau biyu a jere, amma 5 da nema da Najeriya ta yi mata a 2025 ya nuna 'yan gaba biyu ba sa zama tawaga.

Wannan matsi da ake yi wa Najeriya alheri ne gare ta, ko da yake ba daɗi. Shekarun da take cin kowa shida-shida a Afirka su ne shekarun da take zuwa kofin duniya a yi mata irin haka: 8 da nema a hannun Norway a 1995, 7 da 1 a hannun Amurka a 1999. Wanda bai saba da tsananin wasa a gida ba, a waje zai fara ɗanɗana shi. A 2023 kuwa, shekara guda bayan ta zo ta huɗu a Afirka, Najeriya ta buga kofin duniya mafi tsari a tarihinta. Chiamaka Nnadozie ta tare fenaretin Christine Sinclair aka yi canjaras da Kanada mai riƙe da zinaren Olamfik, aka doke mai masauki Ostireliya 3 da 2 a Brisbane, aka riƙe Ingila minti 120 babu ci kafin fenareti ya raba. A wannan gasa ƙasashen Afirka uku suka fito daga rukuni, abin da bai taɓa faruwa ba: Afirka ta Kudu ta doke Italiya 3 da 2, Maroko ta sha 6 da nema a hannun Jamus sannan ta ci Koriya ta Kudu da Kolombiya ta wuce, Jamus ɗin ta koma gida. FIFA ta ware dala 30,000 ga kowace 'yar wasa da ta buga matakin rukuni, 60,000 ga waɗanda suka kai zagayen 'yan 16. Jimillar kyautar dala miliyan 110 ce, kwata ɗin miliyan 440 da aka raba wa maza a Ƙatar, amma ga yarinyar da ke buga gasar gida ana bin ta bashin albashi, wannan kuɗi ne mai sauya rayuwar gida guda.

Akwai wani abu daga wannan gasa da ya shafe mu kai tsaye. Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama mace ta farko da ta buga babban kofin duniya sanye da hijabi, a wasansu da Koriya ta Kudu. An hana rufe kai a fili tun 2007, sai a 2014 aka halatta shi gaba ɗaya. A Arewa ana kallon Falcons, ana murna idan sun ci, amma 'ya'yanmu mata ƙalilan ne a cikinsu, kulob ɗin da ake ji daga wannan ɓangare ma ba su wuce irin su Nasarawa Amazons da Adamawa Queens ba. Damuwar iyaye a kan sutura, da tafiye-tafiye, da wanda zai kula da yarinya a sansani, damuwa ce ta gaske, ba abin a yi wa dariya ba ne. Maroko ƙasar Musulmi ce, irin waɗannan tambayoyi ta fuskanta, ta amsa wasu daga ciki da albashi tabbatacce, da wurin atisaye mai tsaro, da barin mai son rufe jikinta ta rufe. Chebbak kanta 'yar tsohon ɗan wasa ce, Larbi Chebbak, wanda ya ci kofin Afirka da Maroko a 1976, kuma shi ya tsaya mata. Kowane gida da hukuncinsa, amma ƙasar da ke neman 'yan wasa daga rabin jama'arta kawai ta rage wa kanta ƙarfi da hannunta.

Inda ya fi nuna gaskiyar lamari shi ne gasar kulob. CAF ta fara kofin zakarun Afirka na mata a 2021. Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta ci na farko da na 2023, AS FAR ta Maroko ta ci na 2022, TP Mazembe ta Kwango ta ci na 2024. Rivers Angels, Bayelsa Queens da Edo Queens duk sun je, babu wadda ta kai wasan ƙarshe a waɗannan shekaru. Ƙarfin Falcons na yanzu ya dogara ne a kan 'yan wasan da kulob ɗin waje suka goge, irin su Asisat Oshoala mai kambun gwarzuwar Afirka sau shida, da waɗanda aka haifa ko suka tashi a waje suka zaɓi rigar iyayensu, irin su Alozie, Echegini da Ashleigh Plumptre. Babu laifi a wannan, Maroko ma haka take yi. Bambancin shi ne ita tana haɗa shi da gini a gida. FIFA ta ba ta karɓar baƙuncin kofin duniya na 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar a jere, daga 2025 zuwa 2029, wato kowace shekara 'yan matanta za su kara da manyan ƙasashen duniya a filayensu ba tare da share fage ba. Waɗannan yara su ne za su cika tawagar Maroko bayan kofin duniya na Brazil a 2027, lokacin da su Oshoala, Ayinde da Osinachi Ohale za su kasance sun kusa ajiye takalma ko sun ajiye.